Hannun Habibu na Hagu

Ku da kuke sauka garin nan da waya a hannu, kuna cewa duba kaya ai hoto ne, a ɗauka a tura wa mai kaya a Kano shi ke nan, ku nemi wuri ku zauna in gaya muku yadda aka yi na tsufa a cikin sito. Ban yi boko ba. Wannan ma da kuke karantawa, faɗa nake ana rubutawa. Amma shekarun da na yi a Guangzhou sun fi na wasunku a duniya, kuma a kan aiki ɗaya na ƙarar da su: in buɗe kwali kafin a rufe kwantena, in gani ko abin da ke ciki shi ne abin da aka yi alkawari.

Ba sana'a ce ta kawo ni ba tun farko. Ɗan farina, wanda ba na kiran sunansa, yana da ɗan ofis a benen Tianxiu, yana yi wa 'yan kasuwar Kano odar kaya. Matarsa ta rasu ta bar yaro ƙarami, Habibu, sai ya ɗauko ni in riƙe yaron in tuƙa musu tuwo. Da yaron ya shiga makaranta sai wuni ya yi mini tsawo. A nan ne Hajiya Rabi ta gan ni. 'Yar Maraɗi ce, gajeriya, mai ƙaramar murya, ta daɗe tana duba wa mutanen Nijar kaya. Ta ce in zo in riƙe mata jaka.

Aikina na farko rigunan yara ne da aka saro daga kasuwar Shisanhang, an tara su a wani sito a unguwar Liwan, kwali kan kwali har rufi. Ta ce in zaɓi wanda za mu buɗe. Na kai hannu kan na gaba, wanda yake daidai ƙirjina. Ta buge mini hannu. Ta ce na gaba na baƙo ne, don ke aka ajiye shi. Ta sa ma'aikata suka sauke layi guda suna ƙunƙuni, muka ciro na tsakiya can ƙasa. Rigunan kwalin gaba ɗinki biyu ne a hammata. Na tsakiya ɗinki ɗaya ne, ka ja kaɗan ya yi baki.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Akwai 'yar wuƙar yanka kwali. Akwai farin ƙyalle da gorar ruwa, ka jiƙa ka goga a jikin yadi, in zai zuba nan take zai gaya maka. Akwai ashana, ka zare zare ɗaya ka ƙona, in auduga ce toka za ta bari, in roba ce sai ta dunƙule ta yi ƙwallo baƙi tana wari. Tunda ban iya karanta tef ba, Hajiya Rabi ta koya mini awo da igiya: ranar da mai kaya ya yarda da samfur, in shimfiɗa shi in ƙulla kafaɗa, in ƙulla tsawo, in ƙulla hannu, in ɗaure igiyar a wuyan samfurin in tafi da shi gida. Ranar lodi igiyar ce shaidata. Sai hanci. Akwai lokaci a garin nan da bango yake gumi, ƙasa ta yi santsi, madubi ya rufe. Kayan da aka ɗaure a wannan lokacin, in ba ka sa kai cikin kwali ka shaƙa ba, za su hau teku lafiya su sauka da funfuna. Ku gaya mini wayar da take jin wari.

Amma babban kayan aiki, in ji Hajiya Rabi, tsoro ne. Ta ce ranar da kika shiga sito gabanki bai faɗi ba, ki koma gida ki kwanta. Ban gane ba sai da na tsaya na ga an ja ƙofar kwantena an datse ta da ƙarfe. Daga wannan ƙarar babu gyara. Abin da ka bari ya wuce ya wuce, can wani bawan Allah da ya sayar da fili ya yi oda zai buɗe ya gani, kai kana nan kana shan shayi.

Wani aikin da ya koya mini abu, dogayen riguna ne na mata masu santsi, na wani Alhaji daga Yamai. Ɗakin nuna kaya na kamfanin ya yi kyau, fitilu, gilashi, yarinya tana zuba shayi a 'yan ƙananan kofuna. Hajiya Rabi ta ƙi zama, ta ce a kai mu inda ake ɗinkin. Muka tarar wando mai kauri suke ɗinkawa shekara da shekaru, allurarsu mai kauri, zarensu mai kauri, hannun teloli ya saba da ja da ƙarfi. Suka ɗinka rigunan da hannun wando, duk suka tattare. Telolin ba su da laifi. Abin da gidan yake ɗinkawa shi hannunsu ya zama. Na ga yarinya a irin wannan layin mai hannu kamar ruwa, amma gefen wando kawai aka taɓa ba ta. Da ta je neman aiki a gidan da ake ɗinka kayan amare aka ce ta nuna abin da ta taɓa yi, ba ta da abin nunawa sai gefen wando.

To, ana nan, sai ga wata oda ta shigo ofishin uban Habibu daga wani Ba'amurke mai koyarwa a garin nan, yana son rigunan wasa na ƙungiyarsu. Samfur bai biyo ta hannuna ba, ranar lodi kawai aka ce in leƙa. Habibu ya raka ni don shi ne bakina, yaren Chaina a bakinsa kamar a nan aka haifi kakansa. Na ɗaga riga na ga kafaɗa kamar ta mutum biyu, ciki a tsuke, hannu guntu. Na buɗe wani kwalin, haka. Na ce wa laoban, wato maigidan kamfanin, lodi meyo, babu. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga ciki ya fito da wani sulken roba da hular kwano, ya ɗora wa Habibu a kafaɗa, ya zura masa rigar a kai. Ta zauna cif. Ba'amurken yana tsaye yana kallon yaron daga sama har ƙasa, don a lokacin ma Habibu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar jirgin ƙasa. Ya ciro wata ƙwallo mai siffar gwanda ya wurga masa daga can ƙarshen sito. Habibu ya ɗaga hannun hagu, bahago ne, ya cafe ta a sama kamar ya tsinki mangwaro.

Daga nan ban ƙara samun ɗan rakiya ranar Asabar ba, yana can filin wasa wurin Ba'amurken. Kwanci tashi, kawunsa ƙanin uwarsa da ke zaune a Amurka ya ce a turo shi ya ƙarasa sakandare a can. Aka tura shi.

Bari in gaya muku wasan yadda na gane shi, don wasunku ƙwallon ƙafa kawai kuka sani. Zari-ruga ce irin ta Amurka. Ƙarti ne sahu biyu suke durƙusawa suna fuskantar juna, ana so a kai ƙwallo ƙarshen fili. Hanya biyu ce. Ko a wurga ta sama wani ya ruga ya cafe, ko a danƙa wa mutum ɗaya ya rungume ya kutsa, sauran su ture masa mutane daga hanya. Kowane koci da irin tsarinsa, wani mai wurgi ne, wani mai kutse. Wurin Habibu bakin sahu ne, kuma mai tsayawa a nan aiki biyu gare shi. In kocinsa mai wurgi ne, zai fita fili ya cafe. In mai kutse ne, zai sunkuyar da kai ya haɗu da ƙato ɗan'uwansa, ƙarfe da ƙarfe, sau nawa ne a wasa Allah kaɗai ya sani. Jami'o'i ne suke ɗaukar yara su yi musu wasa su yi karatu kyauta. In sun gama, manyan kulob na masu cin abinci da wasan sai su zauna su zaɓa bi da bi, na ƙwarai a farko, saura a baya, mafi yawa ba a kiran sunansu sam.

Jami'a biyu ce ta nemi Habibu da gaske. Ɗaya babba ce mai suna, ana nuna wasanta a ko'ina, kocinta mai kutse ne. Ɗayar ƙarama ce a wani gari mai sanyi, kocinta mai wurgi. Maganar ta zama abin hira a gidan abincin da mutanenmu suke taruwa a unguwar Xiaobei, mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba kowa da fatawarsa. Na ce wa kawun ya turo mini wasan kowace makaranta, ba guntayen da ake yankowa masu daɗi ba, wasa cikakke daga farko har ƙarshe. Na zauna bayan sallar asuba, na ƙi bin ƙwallo da ido, na kafa ido a kan wanda yake tsaye a bakin sahu kawai. A ƙaramar makarantar, yaron yana fita yana cafewa, yana faɗuwa yana tashi, ana ganin fuskarsa. A babbar, na ga yaron ya sunkuya, an tashi, ya ɓace cikin tarin mutane. Aka ɗaga shi, ya koma ya sunkuya. Har aka tashi wasan ƙwallo ba ta taɓa hannunsa ba.

Na sami uban Habibu a ofis na gaya masa abin da na gani. Na ce gidan can wando suke ɗinkawa, yaron nan kuwa hannu gare shi. Ya saurare ni har na gama, don bai taɓa katse ni ba. Sannan ya ce ya bincika shi ma. Ya ce masu zaɓe sun san makarantun wurgi, suna cewa tsarin ne yake kumbura yaro, kowa ma aka yi ta wurga masa zai cafe, kuma yaran can ba su iya ture mutum ba, sai a ƙi ɗaukarsu. Ya ce babbar makaranta kuwa masu zaɓe a bakin filinta suke wuni.

"Hajiya, inda ake kallo nan ake kai kaya," in ji shi. "Ke kika koya mini."

Ba ƙarya ya faɗa ba. Kuma ɗa na ubansa ne. Habibu ma sunan babbar ya riga ya shiga kansa. Aka sa hannu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce shekarar annoba, kuma ita ce mafi muni a sana'ata. Masu gidaje suka riƙa fitar da baƙar fata, mu ma aka ce mu tattara. Na kwana a kan kwalaye a ofis, ina jin takun masu gadi a baranda ina riƙe da fasfo a cikin zani. Kamfanoni suka rufe ƙofa, wanda ya buɗe ma ba ya barin baƙo ya shiga. Aka koma duba kaya ta waya, irin wanda kuke yabo. Laoban zai ɗaga maka riga a gaban kyamara, ya juya ta, ya ce ka gani, mai kyau. Wane kwali ya buɗe? Na gaba. Na ce wa masu kayana ni ban duba ba, kada a ce na duba. Wasu suka haƙura suka jira, wasu suka yi lodi a haka. Wani mai takalma ya kira ni daga Kano bayan watanni, bai yi faɗa ba, ya ce dai in saurara, ya riƙa ɓare tafin takalmi ɗaya bayan ɗaya a kusa da waya ina jin ƙarar. Hajiya Rabi ta samu jirgi ta koma Maraɗi, ba ta dawo ba, can ta cika. Igiyoyinta suna wurina.

A cikin wannan zaman ne na fara kallon Habibu a rigar babbar makaranta. Wasan Asabar ɗinsu safiyar Lahadinmu ce. Kocin ya ce ya ƙara nauyi, ya ƙara. Wuyansa ya zama kamar turmi. Shekara ta farko yana zaune a benci, na gode wa Allah. Ta biyu suka sa shi, ya yi abin da na ga wancan yaron yana yi, ya kuma iya. Mai ɗauke da ƙwallonsu ya yi suna a bayansa, shi ake nunawa yana rawa a ƙarshen fili, Habibu yana can baya a ƙasa ana ɗaga wani daga kansa. Jefi-jefi a wurga masa ɗaya, ya cafe, gidan abinci ya ɗauki sowa, sai kuma a yi makonni ba a sake ba. In ya kira ni sai in ce angona, sun mai da kai ƙyauren gida. Ya ce amarya, ƙyaure ma ai da kuɗi ake sayensa.

Da aka buɗe hanya, kafin shekararsa ta ƙarshe, ya zo hutu. Ina da lodin takalman makaranta a wani sito bayan gari, ya ce zai raka ni kamar da. Ma'aikatan suka daina aiki suna kallonsa, wani ya zo ya gwada tsawonsa a jikinsa ana dariya. Na nuna kwalin da nake so, na tsakiya a layi na sama. Ya ce su bari. Ya miƙa hannu biyu ya jawo shi, ya ɗaga kai yana kallon sama, sai na ga hannun hagun ya sauka da kansa kamar an yanke igiya. Kwalin ya zame ta kafaɗarsa ya fashe a ƙasa. Ya yi dariya ya ce da yaren Chaina kwalin ne mai santsi. Ya sa hannun a aljihu, amma da dama ya kama shi ya sa.

Na gama aikin tukuna. Na lanƙwasa takalma, na shaƙi gam, na gwada igiya, aka rufe kwantena. Muka fito muka zauna a kan wani dakali a bakin hanya. Na ce ya ba ni hannun. Ya miƙo dama. Na ce wancan. Na sa yatsuna biyu a tafinsa na ce ya matse. Yaron da yake fasa rake da hannu ɗaya, matsewar ba ta fi ta jariri ba.

Ya ce tun wani karo ne da ya yi da wani ƙato a kakar wasan da ta wuce. In kansa ya karkata baya sai ya ji wuta ta taso daga wuya ta bi kafaɗa har yatsu, hannun ya mutu, bayan ɗan lokaci ya dawo. Da can nan da nan yake dawowa, yanzu yana jimawa. Na tambaye shi ko likitan makaranta ya sani. Ya ce in ya faɗa za a zaunar da shi, wani ya hau wurinsa. Ya ce yaran makarantun wurgi ko sun yi jinyar rabin shekara suna da hotunan cafe-cafe da za su nuna, shi kuwa ba shi da komai sai wannan turin, kuma turi ba a ganinsa sai kana cikin fili kowane mako. In ya zauna yanzu, shekarun nan duk sun tafi a banza.

"Hajiya, kada ki gaya wa Baba," ya ce. "Kafin zaɓe likitocin kulob suna duba mu. Ki yi mini addu'a Allah ya rufe musu ido."

Duk rayuwata a garin nan ina gefe ɗaya, masu cusa aibi a kwalin tsakiya suna ɗaya gefen. Ga shi jinina ya zo yana roƙon in koma wajensu.

Na ce ubanka ba zai ji a bakina ba, wannan maganarka ce kai za ka kai masa. Amma addu'a, Allah ya ba likitocin nan ido irin na Hajiya Rabi, ita zan yi, kuma ina gaya maka don kada ka ce na ci amanarka a ɓoye.

A jirgin ƙasa ya tsaya nesa da ni, ya riƙe ƙarfe da dama. Sauran kwanakin hutun yana gaishe ni safe da yamma yadda ya kamata, amma bai ƙara ce mini amarya ba. Ya koma, ya buga shekarar ƙarshe duka bai zauna ko wasa ɗaya ba. Ina kallo, in an yi karo ya tashi, sai in ga ya juya wa benci baya yana girgiza hannun a ɓoye kamar mai yarfe ruwa. Ubansa yana gefena yana cewa kin ga ƙarfi, Hajiya.

Lokacin zaɓe ya zo. Kwanaki ake yi ana kiran sunaye. Ranar farko ta manya ce, ba mu sa rai ba. Aka kira mai ɗauke da ƙwallon makarantarsu, wanda Habibu ya yi shekaru yana buɗe wa hanya, ya hau dandamali da kwat yana rungumar uwarsa. Rana ta biyu aka kira yara masu tsayawa a irin wurin Habibu, na tambayi kawun ta waya daga wace irin makaranta suke, ya ce akasari masu wurgi. Uban Habibu ya daina cin abinci. Ni kuma ina kan addu'ata, ban canja ko kalma ba, kuma kowane suna aka kira wanda ba nasa ba sai in ji numfashina ya sauka. Allah ya sani, ranar ƙarshe na tashi da fatan a gama ba a kira shi ba, ya dawo ya zauna a ofishin ubansa yana fushi da ni har in mutu.

Ranar ƙarshen mun idar da asuba muka taru a gidan abinci, mai gidan ya buɗe mana tun kafin ya ɗora tukunya. Sunaye suna ta wucewa a ƙasan talabijin da sauri, an daina ma hawa dandamali. Mutane sun fara miƙewa za su tafi kasuwa. Sai wani ɗan Yamai da ya iya karatu ya nuna da yatsa ya ce ga shi nan. Saura kaɗan a rufe aka kira Habibu.

Wurin ya rikice. Ubansa ya faɗi ya yi sujada a kan tayil, mutane suna ɗaga shi suna rungumewa, 'yan Chaina maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko biki ne. Kawun ya kira, aka sa shi a sifika yana fassara abin da masu sharhi suke faɗa. Wai babu wanda ya san ko yaron ya iya cafe ƙwallo, don makarantarsu ba ta wurgi, shi ya sa ya kai ƙarshe. Amma wajen ture mutum babu kamarsa a bana, kuma don wannan aka ɗauke shi. Uban ya juyo ya ce mini, Hajiya, da ƙaramar ya je da yanzu ba a san da shi ba. Na ce mai yiwuwa ne. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanina da shi ba. Abin da na sani, abin da gidan ya ɗinka shi mai saye ya zo ya ɗauka.

Can sai ga Habibu a waya, da hular sabon kulob a kansa. Ya gaisa da ubansa, ya gaisa da jama'a, ya ce a ba shi amaryarsa. Na karɓa na fita baranda inda babu kowa. Na ce likitocin fa.

"Sun gani," ya ce yana murmushi. "Sun sa ni a na'ura, sun ɗauki hoton wuyan, sun nuna mini wurin da yatsa. Wasu kulob sun janye. Waɗannan sun ce ba komai, za su iya aiki da shi a haka. Kin ga, addu'arki ta karɓu, tawa ma ta karɓu."

Na ce Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare. Ya ce amin, aka kira shi ta can, ya kashe.

Na tsaya a barandar. A sana'ar nan na sha nuna wa mai kaya aibi ya ce a fasa lodi, na sha nuna wa wani ya ce a gyara ko a jira. Akwai kuma na uku, wanda za ka buɗe masa ɗinkin a gabansa, ya duba da kyau, ya gane, ya nemi ragi, ya ce a loda. Na fi ganinsu lokacin siyasa, masu odar rigunan kamfen. Wani ya taɓa ce mini, Hajiya, kada ki wahalar da kanki, rigar nan taro ɗaya za ta yi. Irin wannan mai sayen ba a yaudare shi ba, kuma mai duba kaya ba ta da abin da za ta ce masa. Ya san kwanan abin da ya saya.

Yanzu ƙafa ta yi nauyi, sito sai jefi-jefi, shi ya sa nake gaya muku tun ina iyawa. Ku buɗe na tsakiya. Ku je inda ake ɗinkin. In za ku kai yaro wani gida, na koyon sana'a ne ko na wasa, kada ku tsaya a kan sunan da ke bisa ƙofa, ku tambayi me ake sa irinsa yi daga safe zuwa yamma.

Wasan manyan kulob ranar Lahadinsu ne, Litinin ɗinmu da sassafe. Ina idar da salla nake zama a kan darduma, uban Habibu ya jingina mini waya a jikin flas. Shi yana bin ƙwallo. Ni ina jiran a watse daga kan tarin, in ga da wane hannu yaron zai dafa ƙasa ya tashi. Litinin ɗin da ta wuce ya jima a durƙushe, sannan ya dafa da dama, na hagun yana reto. Ubansa yana tafi don sun ci. Bai sani ba har yanzu, ni kuma na yi alkawari.